Kunnen Zinare da Hatimin Masaƙa

Idan ana lissafa manyan mutanen layin masu gyare-gyare, dole a fara da Kunnen Zinare, don ko an yi kuskure an fara da wani, shi da kansa zai taso ya gyara lissafin. Mutum ne mai tawali'u ƙwarai, kuma yakan faɗi haka sau uku ko huɗu a wuni don kada a manta. Sana'arsa gyaran garmaho, tsohon akwatin waƙar nan da ake wana wa hannu, a ɗora faifai, a sauke allura. Amma kul ka ce masa mai gyara. Mai gyara shi ne na ƙarshen layi, mai liƙin tayar keke. Shi a faɗarsa likitan sauti ne, shi ya sa kullum yana cikin farar riga har gwiwa da farar safar hannu, ko da shayi zai sha.

A likitancin ma yana da fannin da ya fi ƙwarewa. Akwai irin garmahon nan na tsaye mai kama da ƙaramin kabad, wanda ƙahonsa ke ɓoye a ciki. A gabansa akwai katako mai sassaƙen huji-huji, a bayan katakon kuma an ɗame wani yadi shara-shara, ta nan waƙa ke fitowa. Ni da kai za mu ce an sa yadin ne don ya tare ƙura da kyankyaso. Kunnen Zinare ya ce wannan jahilci ne tsagwaronsa. Ya ce yadin nan shi ne maƙogwaron garmaho, kuma shi in ya rufe ido ya saurari faifai na minti ɗaya, zai faɗa maka ƙasar da aka saƙa yadin, da shekarar, da ko masaƙin yana cikin fushi a ranar. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, tun da ba a taɓa samun masaƙin an tambaye shi ba.

Mai askin da ke maƙwabtaka da shagonsa ne ya raɗa masa sunan, da zolaya kuwa. Washegari sai ga sunan a allon ƙofar shago da fenti ruwan zinare, har an ƙara Farfesa a gaba. Tun daga ranar mai aski ya daina laƙaba masa suna, don ya lura duk abin da ka jefi mutumin nan da shi ɗauka yake ya rataya a bango.

Abu ɗaya ne ya hana babban mutumin nan sakat. Gidan tarihin garin yana da garmaho biyar, duk yadinsu ya ruɓe, ana neman wanda za a damƙa wa aikin sake shi. An kuma ce wanda ya samu, za a kafa ɗan allon tagulla mai sunansa a bango kusa da su. Allon nan ya shiga ran Kunnen Zinare ya zauna daram. Ya cika littafi guda da gwajin yadda ya kamata a rubuta sunan. Gaskiyar magana, wadda ko matarsa bai faɗa wa ba, tsoro yake ji. Masu kawo masa aiki sai raguwa suke, duk sun tsufa, kuma yana gudun ranar da zai faɗi ya mutu a ce ai wani mai gyara ne ya rasu a layin. Ya rubuta wa gidan tarihi wasiƙa tara. A ta goma shugabar gidan ta amsa, ta ce za ta zo Alhamis ɗin ƙarshen wata ta ga irin aikinsa da idonta.

To, ga baƙuwa an samu, me za a nuna mata? Duk abin da ke shagon garmaho biyu ne marasa allura, da wani guda da kyanwa ta haihu a ciki.

Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa, 'yar ƙarama, da baƙar jaka a hammata, mai kura na biye da ita ya turo garmaho na tsaye. Katakon sai sheƙi yake, da gani ka san kullum ana goge shi. Yadin gaban ne kawai ya yage, ruwan ƙasa, da huji a tsakiya daidai girman ɗan yatsa. Jikanyarta ce ta zura yatsa tana neman mutumin da ke waƙa a ciki.

"Ɗana," in ji tsohuwa, "ba wani babban aiki ba ne. Sukurorin da ke riƙe da katakon nan ne suka yi tsatsa, hannuna kuma ya daina ƙarfi. Yadin kuwa ai..."

Kunnen Zinare ya ɗaga mata farin hannunsa. Ɗaga hannun nan sananne ne a layin, ya tsayar da maganar mai gidan haya da ta ɗan sanda da ta surukarsa.

"Iya, nan ba kanti ba ne," in ji shi. "Nan saurare ake yi, ba a surutu."

Ta ce to, bari aƙalla ta kwatanta masa gidanta, ko da zai aika in an gama, yana nan bayan... Hannu ya sake tashi. Ya ce likita ba ya bin marar lafiya gida, ta dawo bayan mako guda.

Da ta tafi ya durƙusa gaban garmahon da gilashinsa mai ƙara girma, yana bin yadin zare bayan zare ta hujin katako. Can a kusurwar ƙasa ya ga wata alama. Baƙa-baƙa ce, mai kusurwa uku, tsininta na kallon sama, gefenta ya ɗan yi haske. Ya goge gilashin ya sake dubawa. Kafin ya miƙe tsaye ya riga ya san mece ce, kafin ya kai ƙofa kuma ya san tarihinta kaf.

Ya kira mai aski, wanda ya bar mutum da rabin kai ya zo.

"Ka buɗe ido da kyau," in ji Kunnen Zinare, "don jikokinka za su tambaye ka. Wannan hatimin wata masaƙa ce a ƙetaren teku, wadda gobara ta cinye shekara casa'in da suka wuce. Da ƙarfe mai zafi suke buga shi, ba da tawada ba. Uku ne suka rage a duniya. Biyu suna hannun sarakuna, na ukun ga shi a shagona."

Mai aski ya tambaye shi inda ya karanta wannan. Ya ce irin wannan ilimi ba a rubuta shi. Kuma gaskiya ya faɗa, daga bakin kansa ya ji labarin, shi kuwa bai taɓa sanin kansa da ƙarya ba.

A ranar ya zura ɗan almakashi ta hujin katako ya yanko kusurwar mai hatimi. Ya shimfiɗa ta a kan jan yadi mai laushi, ya rufe da gilashi, ya sa firam, ya rataya a inda hoton aurensa yake da. Katakon gaban kuwa bai kwance shi ba. Ya ce tarihi ba ya son a tashe shi da gaggawa. Abin da ya faru shi ne ya gwada sau ɗaya, sukurdireba ta kuɓuce ta yanke masa babban yatsa, safar hannu ta rufa asiri.

Sai aka shiga neman yadin da zai yi daidai da na asali. Wannan launin ruwan ƙasa, in ji shi, shi ne launin da marinan masaƙar suka keɓanta da shi, kuma asirinsa ya ƙone tare da su. Don haka ya sayo farin yadi ya dinga tsoma shi a ruwan shayi. Ya gwada shayi mai kauri, ya gwada tsararo, ya gwada kofi. Tukwanen matarsa uku suka koma shago ba su dawo ba. Igiyar shanya ta ratsa shagon daga bango zuwa bango, duk wanda ya shigo sai ya sunkuya. Kowane ƙyalle in ya bushe sai ya kara shi a gaban garmaho, ya ɗora faifai, ya rufe ido, ya karkata kai. Wannan ya ce yana da mura. Wancan ya ce yana da girman kai. Akwai wanda ya ce sautinsa bai da tarbiyya, ya jefar da shi waje, mai aski ya tsince shi yana goge reza.

Tsohuwa ta dawo bayan mako guda, da baƙar jakarta. Ta ce gidan ya yi mata shiru, don kullum da hantsi takan ɗora faifai ɗaya da marigayi maigidanta yake so. Ta fara buɗe jaka tana cewa ai da zai duba nan, hannu ya tashi. Ta dawo mako na biyu, hannu ya tashi tun tana bakin ƙofa. A mako na uku ma ba ta samu ganinsa ba, yana ciki yana saurare. Mai aski ne ya riƙa ajiye mata benci a inuwa, ya ba ta ruwa, su yi ta hira har ta huta ta koma. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ta dai ce wa mai aski yaron nan yana da ƙoƙari, bakinsa ne kawai ya toshe masa kunne.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshen wata aka share shago har ƙarƙashin kyanwa. Kunnen Zinare ya sa sabuwar safar hannu. Shugabar gidan tarihi ta iso da hantsi, doguwar mace marar yawan magana, da ɗan littafi da biro a hannu. Mutanen layi suka cika ƙofa, har da mai liƙin taya, wanda aka ce ya tsaya daga baya.

Farfesa ya tsaya tsakanin garmaho da firam, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ba na son yabon kai, kowa a layin nan shaida ne. Amma akwai mai gani, akwai mai ji. Masu gani sun cika duniya. Wannan ƙyalle da ke cikin gilashi, da a hannun wani ya faɗa, da yanzu ana goge takalmi da shi. Ni kuwa tun kafin in ga hatimin na ji shi. Allura na sauka a kan faifai na ji ƙarar masaƙar, na ji sanyin ƙasar, na ji hannun ƙwararren da ya shekara arba'in yana wannan aiki bai taɓa yin kuskure ba."

Shugaba tana rubutawa. Da ya ga biro na tafiya sai ya ƙara wa masaƙin shekara goma.

Daidai nan tsohuwa ta ratso mutane ta shigo, don ita ma ranar zuwanta ce. Ta sami wani akwati a lungu ta zauna, jaka a cinya. Ran Kunnen Zinare ya ɓaci, amma ya yi murmushi irin na manya, ya ce wannan ita ce baiwar Allah da dukiyar ta shekara a ɗakinta ba ta sani ba.

Shugaba ta juya ta gaishe ta, ta tambaye ta tun yaushe garmahon yake gidansu. Tsohuwa ta ce tun tana amarya. Ta ce yadin kuwa ai...

Hannu ya tashi.

"Farfesa," in ji shugaba, ko kallonsa ba ta yi ba, "bari ta ƙarasa."

Mai aski ya rantse daga baya cewa ranar ce ta farko da wani ya kai ƙarshen magana a shagon nan.

Tsohuwa ta buɗe jaka ta zaro wani tsohon mayafi kore, shara-shara, a ninke. Ta warware shi a kan tebur. An yanke gefe ɗaya, kuma a bakin yankan akwai ƙuna mai faɗi, baƙa-baƙa. Ta ce shekara hamsin ke nan. Maigidanta ne ya sayo mata mayafin, ya tafi wata tafiya. Tana cikin goge shi ɗanta ya tsala kuka, ta bar dutsen guga a kai ta ruga. Da ta je, ashe cokali ya zura a yadin garmaho ya farke shi, ya tsorata da abin da ya yi. Ta dawo ta tarar mayafi ya ƙone. Ga garmahon miji a yage, ga kyautar miji a ƙone, ga shi gobe zai dawo. Sai ta ɗauki almakashi ta yanki mayafin ta ɗame a garmahon, ta rufe laifi biyu da yanka ɗaya. Saboda rawar jiki ne yankan ya raba ƙunar, tsinin ya tafi cikin garmaho, ta tura shi can ƙasa tana fatan katako zai ɓoye shi.

"Bai taɓa ce mini komai ba," in ji ta. "Na ɗauka bai gani ba. Sai a ciwonsa na ƙarshe ya ce mini, in yadin nan ya sake yagewa, kada in nemi wani, in sa ragowar mayafina. Shi ya sa nake yawo da shi, ɗana. Sau huɗu ina kawo maka."

Amma babban mutum ba ya faɗuwa da bugu ɗaya. Kunnen Zinare ya yi 'yar dariya ta tausayi, ya ce tsufa abin girmamawa ne, sai dai yana haɗa labarai. Ya ce kowa na da ido, wannan mayafi kore ne, yadin masaƙa kuwa ruwan ƙasa ne, kuma shi ya yi sati uku yana nazarin launin.

Mai aski ya miƙe. Ya fita ya dawo da 'yar kwalbar man da yake ɗiga wa injin aski. Ya ɗiga wa kowane sukuru, ya ɗan jira, ya murɗa. Suka kwance ɗaya bayan ɗaya kamar da ma jira suke. Da aka ɗaga katakon, sai ga yadin a fili. Duk inda rana da ƙura suka taɓa ruwan ƙasa ne. Duk inda katako ya rufe kuwa kore ne shar, zanen sassaƙen ya fito ɓaro-ɓaro a jikinsa.

Shugaba ta sauke firam daga bango da kanta, ta buɗe bayansa, ta ciro hatimin da ya rage uku a duniya. Ta ɗora shi a bakin ƙunar mayafi. Ya zauna cif. Ga dutsen guga nan cikakke, da tsininsa da faɗinsa, ko yaron goye ya gani ya san shi. Mai liƙin taya, da aka ce ya tsaya daga baya, daga can bayan aka jiyo dariyarsa.

Tsohuwa ba ta yi dariya ba, aikinta ne a gabanta. Ta ce wa shugaba ta miƙo tafin hannu. Ta kara mayafin a bakinta ta hura, ta tambaye ta ko ta ji iska. Shugaba ta ce ta ji. Tsohuwa ta ce to shi ke nan, in numfashi ya wuce waƙa ma za ta wuce. Ta zare zare ɗaya daga yadin don ya nuna mata layi, ta bi shi da almakashi, wannan karon a natse. Ta yayyafa masa ruwa kaɗan, ta ce in ya bushe zai ɗame da kansa. Ta sa mai aski ya ja mata, ta fara kafa ƙananan ƙusoshi daga tsakiyar kowane gefe tana fita zuwa kusurwa, don kada saƙar ta karkace. Da 'yar gudumar Farfesa ta yi aikin, wadda ta shekara a rataye tana ado. Duka-duka minti goma sha biyar aka yi.

Aka mayar da katako, aka wana hannu, ta ɗora faifanta. Waƙa ta fito tas ta cikin koren yadi. Tsohuwa ta zauna a kan akwatin ta saurara har ƙarshe, ta goge ido da gefen ragowar mayafin, ta ce ta gode Allah.

Waƙa na ƙarewa Kunnen Zinare ya buɗe ido, don shi ma ya rufe nasa saboda kada a bar shi a baya.

"Madalla," in ji shi. "Abin da nake jira ke nan. Tun ranar farko kunnena ya gaya mini akwai hannun mace a sautin nan. Zancen masaƙa gwaji ne na yi muku, in ga ko akwai mai lura."

Ya kalli biron shugaba. Biro bai motsa ba.

Duk da haka ya tare ta a bakin ƙofa da bayani a kan bambancin shayi da kofi wajen rini, bai sake ta ba sai da ya kai aya. Kafin ta kuɓuta ta waiga, tsohuwa ta kira mai kura, an ɗora garmaho, sun sha kwana. Shugaba ta duba hagu da dama, ta rufe littafinta, ta ce masa zai ji daga gare su a rubuce.

Kwana goma yana zaune a bakin shago yana kallon hanya. Ya cire igiyar shanya, ya mayar da tukwane gida, hoton aure ya koma bango. Da mai aski ya yi masa jaje, sai ya ce jajen me, manyan ma'aikatu ba sa ɗaukar mutum don ya iya buga ƙusa, ilimi suke nema.

Rana ta goma sha ɗaya wasiƙa ta iso, da hatimin gidan tarihi a bayanta, na tawada, na gaske. Bai buɗe ba sai da ya sa safar hannu ya tara layi. Ya hau dakalin shago ya karanta da ƙarfi.

"Zuwa ga Farfesa Kunnen Zinare. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, hukumar gidan tarihi ta zauna a kan batun garmaho biyar, ta kuma ga cewa a halin yanzu babu wanda zai iya fitar da mu sai kai."

Ya dakata. Ya bi fuskokin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan ta mai liƙin taya. Ya maimaita "sai kai" don na baya su ji, sannan ya ci gaba.

"Saboda haka muna roƙo ka kwatanta mana gidan tsohuwar nan, domin ita muka zaɓa, kuma muna son sunanta daidai saboda allon tagulla. In da hali, a ara mata 'yar gudumar nan."

Muryarsa ta yi ƙasa tun daga tsakiya, amma layin ya riga ya yi shiru, kowa ya ji. Ya juya takardar ko akwai wani abu a baya. Babu komai.

Wani daga cikin taron ya ce to ai ba laifi, Farfesa, ko ba komai sun nemi taimakonka, sai ka kwatanta musu. Kunnen Zinare ya buɗe baki, sai ya tuna. Ranar farko ta fara faɗa masa, gidanta yana nan bayan... daidai nan ya ɗaga mata hannu.

Mai aski ne, da ya ji kwatancen a hirar benci, ya raka mutanen gidan tarihin.